Layukan da Ke Saɓani: Jagora ga Magini, Kafinta da Mai Walda

Wayar lantarki da ta tsallaka titin Kano zuwa Maiduguri a cikin garin Azare ta gitta titin, amma ba ta taɓa shi ba. Bututun ruwan da aka binne a ƙarƙashi shi ma ya gitta, shi ma bai taɓa kwalta ba. In aka zana wurin a takarda kamar yadda mai kallo daga sama zai gan shi, waya da titi duk a ɗigo ɗaya za su haɗu, alhali babbar mota da kayanta na wucewa ta tsakaninsu. Wannan bambanci tsakanin abin da takarda ta nuna da abin da ke fili yana cin kuɗin masu gini ba kaɗan ba, kuma duk mai riƙe tef da igiya ya kamata ya san kansa.

A kan allo, miƙaƙƙun layuka biyu hali biyu ne da su: ko su haɗu a wuri ɗaya, ko su jera kafaɗa da kafaɗa ba su taɓa haɗuwa ba. Da an bar allo an shigo ɗaki, inda akwai tsawo da faɗi da tsayi, sai hali na uku ya fito. Dubi layin da bangon gabas ya zauna a kan daɓe, sannan ka dubi layin da bangon arewa ya haɗu da silin. Na farko ya miƙa kudu da arewa a ƙasa, na biyu ya miƙa gabas da yamma a sama. Ko ka ja su har garin Gadau ba za su haɗu ba, kuma ba jerawa suka yi ba. Saɓani suka yi. Alamarsu ita ce babu wani falanki, komai faɗinsa, da zai kwanta lif a kan su biyun lokaci ɗaya.

Maginan gargajiya sun daɗe da wannan a hannunsu, tun kafin a dawo da hedikwatar masarautar Katagum zuwa Azare a 1916. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi in tazarar ta kai fiye da mita biyu, don haka mai rufin soro yakan fara kwantar da ita a karkace a kan kusurwoyin ɗaki, ya rage faɗin wurin, sannan ya ɗora wani sahu a kan na farko. Daga ƙasa za ka ce azarun sun ratsa juna, amma kowane sahu kwanciya ya yi a bayan ɗan'uwansa, kuma kowanne ya ɗaga rufin da kaurinsa. Wanda bai lissafa wannan kauri ba, indararonsa ba zai zauna inda ya so ba. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Yau aikin ya koma na rodi da bim da bututu, amma matsalar tana nan.

Kayan aikin ba su da yawa: tef, igiya siririya mai ƙarfi, ƙusoshi, alli, lebur ko tiyo mai haske da ruwa a ciki, da igiyar tsaye, wato zare mai ɗaure da ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshensa. Lokacin hunturu iska ba ta barin wannan zare ya tsaya. Saka ƙarfen cikin bokitin ruwa ba tare da ya taɓa gindin bokitin ba, zai natsu.

Tambaya ta farko ita ce: layukan biyu sun haɗu ko ba su haɗu ba? Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan kimarsa ba abin dogaro ba ce muddin daga wuri ɗaya yake kallo. Layuka biyu da suka yi saɓani, kusan daga ko'ina ka dube su za ka ga kamar sun gitta juna a wani ɗigo. Ka gusa kamu biyar ka sake duba. In ɗigon ya gusa tare da kai, ba su haɗu ba. In ya tsaya a wurinsa ta ko'ina ka zagaya, haɗuwar ta gaske ce. Wannan ita ce ƙa'idar da Gaspard Monge na Faransa ya tsara a darussansa na 1795, wadda zanen gini ke tafiya a kanta har yau: zane ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe. Layuka biyu ba su haɗu ba sai ɗigon da suka gitta a zanen sama ya yi daidai da ɗigon da suka gitta a zanen gefe. Saboda haka in an miƙo maka zanen sama kaɗai aka ce bututu zai bi nan, bim zai bi can, nemi zanen gefe kafin ka sa hannu. A fili kuwa, saki igiyar tsaye daga layin sama a daidai inda suka gitta, ka ga ko akwai tazara zuwa na ƙasa.

Inda wannan ya fi amfanar mai walda da kafinta shi ne firam ɗin ƙofa, taga ko get. Yawancin yaran shago sun san a gwada daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a gwada ɗayan ɓangaren, in tef ya ba da lamba ɗaya an ce firam ya yi sikweya. Gaskiya ne, amma rabin gwajin ke nan. Firam na iya ba da lamba ɗaya a gwaji biyun alhali a murɗe yake, kusurwa ɗaya ta ɗaga. Shi ne ƙofar da in an rufe, samanta ya kama, ƙasanta ya bar kafa ƙura da sauro na shiga. Ga yadda ake kama shi. Ɗaura zare daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka ja shi ya yi tsam a kan fuskar ƙarfen. Ɗaura na biyu a sauran kusurwoyin biyu. Durƙusa ka dubi tsakiya. In firam ɗin lafiyayye ne, zaren biyu za su shafi juna kawai. In ka ga haske a tsakaninsu, sun yi saɓani, firam a murɗe yake. In sun taɓa juna kada ka yi saurin murna, domin mai yiwuwa na ƙasa ne ke tura na sama. Sauya su, na sama ya koma ƙasa, ka sake dubawa. Sai sun shafi juna a duka biyun za ka yarda.

Tazarar da ka gani a tsakiya tana gaya maka girman ɓarnar: rabin ɗagawar kusurwar ce. In hasken da ke tsakanin zaren milimita 5 ne, kusurwa ɗaya ta fita da santimita 1. Ni a ganina wannan gwaji ya kamata ya zo tun ana ɗigon walda na farko, kafin a cika ta. Ƙasan shago da wuya ya zama lebur, ƙarfe kuma yana janyewa in ya ɗauki zafi. Gyaran firam da ke kan ɗigo huɗu aikin minti kaɗan ne, amma wanda aka cika aka shafa wa fenti sai da guduma da ɓacin rai.

Tambaya ta biyu ita ce ta sikweya, wato kusurwar digiri 90. Mutane da yawa na ɗauka sai layuka sun haɗu ake maganar kusurwa tsakaninsu. Ba haka ba ne. Kusurwar layukan da suka yi saɓani ita ce wadda za a samu in aka ɗauko ɗaya, ba a juya shi ba ko kaɗan, aka kawo shi ya taɓa ɗayan. Layin daɓe da layin silin da na ambata a baya sikweya suke da juna duk da tsayin ɗaki na tsakaninsu. Haka igiyar tsaye sikweya take da kowane layi da ke kwance lebur a wurin aikin, na kusa da na nesa.

A fili, sauko da layin sama zuwa ƙasa. Saki igiyar tsaye daga wurare biyu a jikinsa, nesa da juna gwargwadon hali, ka kafa ƙusa inda ƙarfen ya nuna, ka ja zare tsakanin ƙusoshin. Yi wa ɗaya layin haka. Yanzu zare biyu sun haɗu a ƙasa, sai gwajin da kowane birkila ya sani: auna 3 a ɗaya, 4 a ɗayan, tsakanin alamomin ya ba da 5. Da santimita 90 da 120 da 150 ake yi a ƙaramin wuri, a babban fili a yi da mita 3 da 4 da 5, domin babban awo ya fi rage kuskure.

Akwai tarko a nan, kuma ya kama ƙwararru. Sikweyar da ka samu a ƙasa ba ta zama sikweyar gaske ba sai in aƙalla ɗaya daga layukan biyu a kwance yake lebur. In duka biyun hawa suke, kusurwarsu ta gaske daban ce. Ɗauki katakon rufi biyu, ɗaya ya nufi gabas, ɗaya arewa, kowanne yana hawa 3 a cikin kowane 4 da ya yi gaba. Inuwarsu a ƙasa digiri 90 ce cif, amma su kansu kusan digiri 69 ne tsakaninsu. Kafintan da ya yanka bakinsu da sikweya zai ga haɗin ya buɗe baki, ya kama zargin zarto.

Ginshiƙi kuwa daga gefe biyu ake duba shi. Uƙlidis, masanin lissafin da ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar a littafinsa na 11 cewa layin da ya yi sikweya da layuka biyu masu haɗuwa a kan shimfiɗa, ya yi sikweya da shimfiɗar baki ɗaya. Biyu, ba ɗaya ba. Katakon da za a zuba wa kankare na iya tsayawa ƙyam in ka dube shi daga gabas, alhali ya sunkuya in ka koma arewa. Rataya igiyar tsaye a fuska biyu masu maƙwabtaka, ka auna tazararta da katako a sama da ƙasa, ka sake aunawa bayan an zuba kankare tun bai kama ba.

Tambaya ta uku ta fi sauran nauyi: tun da ba su haɗu ba, nawa ne tsakaninsu? Layuka biyu da suka yi saɓani suna da wuri ɗaya tak da suka fi kusantar juna, kuma ɗan layin da ya haɗa su a wurin sikweya yake da kowannensu. Tsawonsa shi ne tazarar gaske. Duk wani awo da ka yi ta wani wuri zai fi shi tsawo, wato zai yaudare ka cewa akwai sarari fiye da wanda ke akwai.

In duka biyun a kwance suke, abin mai sauƙi ne: bambancin tsayinsu ko zurfinsu shi ne tazarar. Bututun ruwan sha a zurfin santimita 60, na bahaya a zurfin mita 1, tsakiya zuwa tsakiya santimita 40 ke nan. Cire rabin kaurin kowanne, a bututun inci 1 da na inci 4 abin da zai rage ya ɗan haura santimita 30. Ɗan gangaren da ake ba bututun bahaya, kamar 1 cikin 40, bai kai ya sauya lissafin ba. Abin kiyayewa dai na ruwan sha ya bi ta sama, kuma kada haɗin bututu ya faɗo daidai wurin da suka gitta.

In ɗaya yana hawa, igiyar tsaye ba ta ba da amsar. Matakalar bene ce misalin da ya fi kusa, yanzu da benaye ke ƙaruwa a gari. A ce kowane taki tsayinsa santimita 18, faɗinsa 24, wato hawa 3 a cikin 4. Bim ya gitta ta samanta. Ka saki igiyar tsaye daga ƙasan bim zuwa layin bakin takun, ka samu mita 2, ka ce kowa zai wuce. Mutum zai wuce, don a tsaye yake hawa. Amma kabad ko katifa da za a tura a kwance bisa gangaren matakalar, ba mita 2 za su tarar ba. Tazarar gaske ita ce 2 a ninka da 4, a raba da 5, wato mita 1.6. Kabad mai faɗin mita 1.8 da aka kifa a gefensa zai tsaya cak ranar jere, mata na jira a ƙasa da sauran kaya. Hanyar gwadawa ba lissafi: ja zare bisa bakin takun daga ƙasa zuwa sama, ka kama bakin tef a kusurwar bim ɗin ta ƙasa, ka riƙa lilo da shi a kan zaren. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce amsa. A yi wannan tun bim yana katako, kafin a kira masu kwaɓa siminti.

Akwai inda tef ba ya kaiwa, ko bai kamata ya kai ba. A nan ake komawa ga lissafin da ɗalibai ke yi a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ko a jami'ar jiha da ke Gadau, kuma ba ya buƙatar fiye da ninkawa da tarawa da ragewa da rabawa. Zaɓi wuri ɗaya ya zama mafari. Kowane ɗigo ka rubuta shi da lambobi uku: mita nawa gabas, nawa arewa, nawa sama. Yamma da kudu da ƙasa su ɗauki alamar ragi. Alƙiblar layi ma lambobi uku ce: in ka bi shi, nawa ka yi gabas, nawa arewa, nawa sama.

Ga misali. Mai shago na son kafa rumfa kusa da falwaya. Wayar da ke riƙe falwayar ta taso daga tsayin mita 7 ta sauka ƙasa mita 7 arewa da gindinta. In gindin falwaya ne mafari, kan wayar yana (0, 0, 7), alƙiblarta (0, 1, −1), don kowace mita da ta yi arewa ta sauka mita ɗaya. Ƙarfen bakin rumfar a kwance yake a tsayin mita 2.5, ya fara daga (−2, 4, 2.5), yana yin mita 2 gabas da mita 1 kudu, wato (2, −1, 0).

Gwajin sikweya tukuna. Ninka gabas da gabas, arewa da arewa, sama da sama, ka tara. In jimlar sifiri ce, sikweya suke. A nan 2 sau 0, da −1 sau 1, da 0 sau −1 sun ba da −1. Ba sikweya ba ne, kusan digiri 72 ne tsakaninsu. Gwada wannan a kan katakon rufin ɗazu, (4, 0, 3) da (0, 4, 3), za ka samu 9, abin da ya sa haɗin ya ƙi zama.

Sai neman alƙiblar ɗan layin da ya yi sikweya da su biyun. Kira rumfa ta farko, waya ta biyu. Lambar gabas ita ce arewar farko sau saman biyu, a cire saman farko sau arewar biyu: 1. Lambar arewa ita ce saman farko sau gabas ɗin biyu, a cire gabas ɗin farko sau saman biyu: 2. Lambar sama ita ce gabas ɗin farko sau arewar biyu, a cire arewar farko sau gabas ɗin biyu: 2. An samu (1, 2, 2). Kada ka wuce sai ka yi mata gwajin sikweya da kowanne daga layukan biyu. Duka su ba da sifiri, in ba haka ba ka ɓata alamar ragi a wani wuri, kuma nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. In kuwa lambobin uku duk sifiri suka fito, layukan jerawa suka yi, sai a auna su kai tsaye. Tsawon wannan alƙibla: ninka kowace lamba da kanta, ka tara, 1 da 4 da 4 sun zama 9, lambar da ke ba da 9 in an ninka ta da kanta ita ce 3.

Mataki na ƙarshe, ɗauki kowane ɗigo a layin farko da kowane a na biyu, ka cire ɗaya daga ɗaya. Daga kan wayar zuwa farkon rumfar (−2, 4, −4.5) ne. Ninka shi da (1, 2, 2) lamba da lamba, ka tara: −2 da 8 da −9 sun ba da −3. Watsar da alamar, ka raba da 3. Tazarar gaske mita 1 ce. Da jimlar ta fito sifiri, da layukan sun haɗu, rumfa ta ci karo da waya. Lura cewa a inda suka gitta in an duba daga sama, wayar tana tsayin mita 4, rumfar tana 2.5, igiyar tsaye za ta ce mita 1.5. Rabin mita ya ɓace tsakanin abin da ido ya gani da abin da ke akwai.

Wannan lissafi yana ɗaukar layukan kamar ba su da iyaka. Ƙarfe da bututu kuwa suna da ƙarshe, don haka in wurin kusantar ya faɗa bayan inda ƙarfen ya ƙare, sai a auna daga bakinsa. Kuma da miƙaƙƙun layuka yake aiki. Wayar da ke ɗauke da wuta tsakanin falwaya biyu ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ciki, cikin yana ƙara sauka da zafin bazara, iskar farkon damina kuma tana kaɗa ta gefe. Lambar da ka samu a kanta kiyasi ne kawai, kuma ta fi gaskiya yawa. Kada a miƙa mata tef, ko rodi, ko ɗanyen katako don a ga nawa ya rage, ko wayar da ke riƙe falwaya kada a ɗaura mata komai. In bene ko rumfa za su tashi kusa da layin wuta, a ɗauki awon ginin daga ƙasa, a rubuta tsayin da dekin zai kai tare da tsawon rodin da leburori za su riƙa ɗagawa a kansa, a kai wa ma'aikatan kamfanin lantarki su zo su duba kafin a ɗora bulo na farko.